Maigidana ya ce Trump za mu zaɓa, ni kuma hankalina na wajen mahaifiyata

Assalamu alaikum, Allah Ya gafarta Malam. Da fatan kana lafiya tare da iyali da duk ma'aikatan wannan shiri. Ni 'yar Katsina ce, amma shekara tara ke nan ina zaune a Atlanta, jihar Jojiya ta Amurka, da maigidana da yaranmu uku. Ta intanet nake sauraronku duk mako. Don Allah a sakaya sunana.

A watan Oktoban 2024 nake rubuto wannan wasiƙa. Bara na samu takardar zama 'yar ƙasa, saboda haka zaɓen shugaban ƙasa na 5 ga Nuwamba 2024 shi ne na farko da zan jefa ƙuri'a a nan. To zaɓen ya shigo mana har ɗaka. Maigidana ya tsaya kai da fata cewa Donald Trump za mu zaɓa, ni da shi, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya.

Bari in fara da hujjarsa, don ba na so in zalunce shi, kuma abin da ke cinsa ni ma yana cina. Kwanakin baya 'yarmu mai shekara takwas ta dawo makaranta da littafin hotuna da ta aro. Ina tsaye ina yanka albasa ta shimfiɗa shi a gabana ta ce, "Umma, kin ga wannan yaron babansa biyu, ba shi da mama. Ana yin haka?" Wuƙa na hannuna, bakina ya mutu. Na ce ta ajiye sai Abbanta ya dawo. Daren nan ban runtsa ba. Tun ranar yake cewa ga abin da yake gaya mini, cewa Trump da jam'iyyarsa ta masu ra'ayin riƙau su ne ke fitowa fili su ce namiji namiji ne, mace mace ce, su ne suka yi alkawarin janye kuɗin gwamnati daga makarantun da ke cusa wa yara maganar sauya jinsi, kuma su ne ke cewa iyaye su ke da ta cewa a kan abin da ake koya wa 'ya'yansu. Yakan tuna mini cewa alƙalai ukun da Trump ya naɗa a Kotun Ƙoli suna cikin waɗanda suka soke hukuncin da ya ba da damar zubar da ciki a duk faɗin ƙasar, a watan Yunin 2022. Ya nuna mini labarin Amer Ghalib, magajin garin Hamtramck a jihar Mishigan, Musulmi ɗan asalin Yemen, da ya fito a watan Satumba ya mara wa Trump baya. In na buɗe baki sai ya ce, "Ki dubi Gaza, gwamnatin wa ke tura makaman?" A nan ba ni da amsa, Malam, don gwamnatin da Kamala Harris, wadda ke karawa da Trump a zaɓen, ke ciki ce.

Amma ni ma akwai abin da na kasa mantawa. Mutumin nan shi ne a Disambar 2015 ya nemi a rufe wa Musulmi ƙofar Amurka baki ɗaya. Da ya hau mulki, a Janairun 2017 ya hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shigowa, daga baya aka ƙara Chadi na ɗan lokaci. A ƙarshen Janairun 2020 aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama na dindindin. Sai ranar da Biden ya kama aiki a 2021 aka ɗage. Yanzu kuma da bakinsa ya ce in ya dawo zai maido da dokar, har ya faɗaɗa ta.

Mahaifina ya rasu, Hajiyarmu tana Katsina da hawan jini da ciwon sukari, ni ce babbar 'yarta mace. Da samun takardata na cike mata neman bizar zama, irin wadda aka taɓa dakatarwa ɗin nan. Duk Juma'a in na kira ta, bayan mun gaisa ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "To, ya maganar takardun?" In ce mata ana nan ana jira. Da wane hannu zan dangwala wa wanda ya riga ya faɗi abin da zai yi?

Wani abin da ke damuna kuma shi ne maganar addinin kanta. In Trump ya ce a dawo da addini cikin rayuwar jama'a, Kiristanci yake nufi, bai ɓoye ba. A bana har tallar Baibul ya yi, dala sittin ba kaɗan, kuma ya yaba wa dokar jihar Luwiziyana ta manna Dokoki Goma a azuzuwa. Ba ni da matsala da Kiristoci, tsofaffin da nake aikin kula da su galibi Kiristoci ne, wata ma ita ke tuna mini lokacin sallar azahar. Amma ra'ayinmu ya zo ɗaya da shi a kan maganar sauya jinsi bai sa ya zama namu ba. Shi ne ya mayar da ofishin jakadancin Amurka birnin Ƙudus a 2018. Da na kawo maganar halinsa, da laifuka 34 da kotun New York ta same shi da su a watan Mayu, maigidana cewa ya yi, "Ai ba limami muke zaɓa ba." Na ce in ba limami muke zaɓa ba, me ya sa ake ce mini zaɓensa kare addini ne?

Wannan maganar ce ta ɓata masa rai. Ya ce tun da na samu takarda na fara ja da shi, kuma in har na san shi ne shugaban gidan nan, inda ya sa hannu nan zan sa. Yau kwana huɗu, daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Mutumin kirki ne, Malam. Babbar mota yake tuƙawa, wani lokaci ya yi mako a hanya don mu, kuma shi ya biya kuɗin takardun Hajiya da aljihunsa. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Na so in ce ƙuri'a ɗaya ba ta sauya komai in huta, amma a nan Jojiya tazarar da aka samu a 2020 ba ta kai ƙuri'a dubu 12 ba.

Abin da nake so Malam ya warware mini: shin biyayyar aure ta haɗa da ƙuri'a, ko kuwa shaida ce da ni kaɗai za a tambaya ranar gobe? In na shiga rumfa na zaɓi wani, ko na ba wa 'yar ƙaramar jam'iyya irin Jill Stein kamar yadda wasu matan masallacinmu ke shirin yi, ya tambaye ni, zan iya yin shiru ko dole in faɗa masa? Sannan tsakanin tarbiyyar 'ya'yana da haƙƙin mahaifiyata, wanne shari'a ta fi nauyaya mini, tunda tarbiyya ina iya tsayawa a kanta a gida da Islamiyya, ƙofar ƙasa kuwa in an rufe ba ni da mabuɗi?

An riga an fara jefa ƙuri'ar wuri a jiharmu tun 15 ga Oktoba, kuma ya ce Asabar mai zuwa in ya sauka daga hanya tare za mu je. Don Allah a taimaka a karanta wasiƙata kafin ranar. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya da basira.

Wassalam,
'Yarka daga Atlanta