A gyara yadda ake tambayar mutane game da lafiyarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in yi magana kan masu bincike da ke zagayawa gida-gida a Garwa da Marwa suna tambayar mutane abin da suka fi so a kula da shi a lafiyarsu.

Takardun tambayoyin sukan zo da Faransanci, sai mai tambaya ya fassara su nan take zuwa Hausa ko Fulatanci, kowa da irin tasa fassarar. Idan kuma aka tambayi Bahaushe yaya jikinsa, zai ce da sauƙi ko da yana kwance, domin a wurinmu wannan ladabi ne da godiya ga Allah.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da ake tambayar mutum shekara nawa zai yarda ya rage daga rayuwarsa domin ya rabu da wata cuta. A Kanada aka fara tsara ta, ana haɗa ta da ma'aunin EQ-5D mai duba abubuwa 5: tafiya, kula da kai, ayyukan yau da kullum, ciwo, da damuwa. Dattijon da ya yi imani cewa ajali na hannun Allah zai ƙi amsawa, ko ya faɗi abin da zai sallami baƙo, sai a rubuta shi a matsayin ra'ayinsa.

Ina roƙon a fassara tambayoyin a rubuce, a gwada su da malamai da ungozomomi kafin a fita, a kuma tura mata su tambayi mata a cikin gida, ba tare da maigida ya amsa a madadinsu ba.

Naku,
Wani mai karatu daga Garwa, Kamaru