A Ba Masu Keke Hanya, A Bar Wa Tsuntsayen Kano Mazauni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da mutane da yawa za su ɗauka wasa ne, alhali kuwa ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ɗaya ne daga cikin wasu mutum 14 da ke haɗuwa kowace Asabar bayan sallar Asuba domin hawan keke tare. Ba mu da ofis, ba mu da rajista. A cikinmu akwai malamin makaranta, da tela, da ma'aikacin jinya, da 'yan kasuwa biyu na Kantin Kwari, da ɗalibai, kuma mutum uku daga cikinmu, har da ni, ba ma fita sai da kyamara a jaka, domin ɗaukar hoton tsuntsaye suna shawagi. Abin da idanunmu suka gani a kan waɗannan hanyoyi cikin 'yan shekarun nan shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kowa ya san birnin Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, in ban da Dutsen Dala da Goron Dutse da suka ɗaga kai a cikin ganuwa, sai kuma duwatsun Fanisau daga arewa. Dala, wanda ƙololuwarsa take mita 534 daga matakin teku, ba a hawansa da keke. Jingine kekunan muke yi a gindinsa, mu bar mutum ɗaya yana tsaro, mu bi matakala da ƙafa. Wanda yake neman hawa da gangara na gaske sai ya nufi kudu, inda ƙasa take fara tashi tana fuskantar tsaunukan Jos. Saboda haka sau ɗaya a wata mukan yi karo-karo mu ɗauki shatar a-kori-kura, mu loda kekunanmu zuwa Rano, daga nan mu hau, mu bi ta tsakanin duwatsun Rurum har mu gangara bakin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. Duwatsun Riruwai da ke Doguwa sun fi waɗannan girma da kyan gani, amma hanyarsu ta ratsa dajin Falgore, kuma mun ɗaukar wa kanmu alkawari ba za mu bi ta ba sai mutanen yankin sun tabbatar mana da lafiyar hanya.

Hawan tudu da keke yana da ladubbansa. Mai hankali yakan sauya giya tun kafin tudun ya kama shi, domin in ya bari sai ƙafa ta yi nauyi sannan ya sauya, kaca na iya zamewa ko ta tsinke. Ba a gasa a wurin hawa. Kowa yana tafiya gwargwadon numfashinsa, wanda ya riga isa sama ya tsaya ya jira na ƙarshe, kuma dattijon cikinmu, wanda ya haura shekara 60, shi ne yake ba da izinin a ci gaba. Gangara ta fi hawa haɗari nesa ba kusa ba, musamman a kwana inda ruwan damina ya tara rairayi a bakin kwalta, don haka muke sauka ɗaya bayan ɗaya da tazara, hannu biyu a kan birki, ba a damƙe na gaba shi kaɗai, kuma babu wanda muke yarda ya bi mu ba hular kwano a kansa. Kowa yana ɗauke da ruwansa da famfo da kayan faci, saboda ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba su san tsadar taya ba.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa keke da tsuntsu? Amsa ita ce shiru. Mota da babur suna korar abin da ke gefen hanya tun kafin mutum ya gan shi, amma mai keke yakan iso gab da garken balbela a gonakin shinkafa na Kura da Bunkure ba su tashi ba, yakan ji kukan fakara a cikin kara, ya ga cilakowa tana tashi tana sauka daga wannan bishiya zuwa waccan. Tudu kuma yana da wata baiwa ta daban. Da hantsi ya ɗaga, rana ta gasa dutse, iska mai ɗumi takan riƙa tashi sama, sai shirwa da shaho su shimfiɗa fukafukai su hau ta suna kewayawa ba tare da sun kaɗa ko sau ɗaya ba. Wanda yake tsaye a ƙasa cikin tsuntsun kawai zai gani, baƙi ƙirin a cikin hasken sama, amma wanda yake kan Dala ko kan wani dutse a Rurum yakan sami shirwa daidai da idonsa, wani lokaci ma a ƙarƙashinsa, har ya ga bayanta da yadda take murɗa jelarta mai baki biyu tana sarrafa iska. Duk lokacin da na ga haka sai aya ta 19 a Suratul Mulk ta faɗo mini a rai, inda Allah Maɗaukaki yake jan hankalinmu ga tsuntsayen da ke samanmu suna shimfiɗa fukafukai suna naɗewa, babu mai riƙe da su sai Mai Rahama.

Kama wannan a hoto aiki ne na haƙuri. Dole ƙiftawar kyamara ta yi sauri ƙwarai, kamar kashi ɗaya cikin 2000 na daƙiƙa, in ba haka ba fukafukan za su fito a dishe. Ana bukatar gilashi mai jawo nesa, na milimita 300 ko 400, a kuma saita kyamarar ta riƙa bin tsuntsun tana daidaita gani yayin da mai ɗauka yake juyawa da ƙugunsa a hankali, gwiwar hannu a manne da jiki. Rana ta kasance a bayan mutum, in an yi dace iska ma haka, domin tsuntsu yana fuskantar iska ne in zai tashi ko zai sauka, ka ga ke nan zai taho yana kallonka. Baƙin tsuntsu a farin sama yana son a ƙara haske, balbela kuwa da zalɓe fari suna son a rage, don kada gashinsu ya ƙone a hoton. Lokacin hunturu hazo yakan dusashe komai, ƙura kuma ta shiga kyamara in aka kuskura aka sauya gilashi a fili. Tsattsewa ita ce ta fi ba mu wuya. Mutum zai iya ɗaukar hoto 200 a safiya ɗaya bai sami biyar masu kyau ba, kuma wanda ya yi feda kilomita 30 dole ya zauna numfashinsa ya daidaita kafin hannunsa ya daina rawa.

To, ranka ya daɗe, ga inda gizo ke saƙar. Idan na buɗe hotunan da muka tara, abin da babu a cikinsu ya fi tayar mini da hankali fiye da abin da ke ciki. Ina yaro, ba a zuwa mahauta ko bakin kasuwa a Kano ba a ga ungulaye jere a kan rufi da katanga ba, har mun ɗauke su abin ƙyama. Yau mun shekara da shekaru muna yawo da kyamara daga Dala har Tiga, ban ɗauki hoton ungulu ko ɗaya a cikin birni ba. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, domin tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya irin ungulun da muka sani a jerin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma cikin manyan dalilan akwai guba da farautarta da ake yi ana sayar da sassan jikinta don haɗa magani da tsibbu. Ungulu ita ce take kwashe mushe kafin ya ruɓe ya zama cuta, ba ta karɓar ko sisi. 'Ya'yanmu suna jin ana cewa ungulu ba ta jewar banza, amma ba su taɓa ganin jewar tata ba. Gauraka ma, mai tukku kamar zinariya, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, sai dai a gan ta a tsakar gidan masu hali an yanke mata fiffike.

Shamuwa har yanzu tana zuwa, alhamdu lillahi, daga wajen watan Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan kuka da tsamiya a tsakiyar ƙauyuka, ta ci fara a gonaki, in damina ta ƙare ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Manomi yana ganinta ya san lokacin gyaran gona ya yi, kuma iyayenmu sun hana a taɓa ta. Sai dai bishiyoyin da take sauka a kai suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, wasu don itace da gawayi, wasu don an yanka filin an sayar. A cikin birni kuma kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka gina gidaje da ganuwa, waɗanda zalɓe da kirinjijiya suke sauka a kansu, ana cike su da shara ana dasa shaguna, sannan in ruwa ya sauko a watan Agusta ya rasa wurin zuwa ya shiga ɗakunan mutane. Gindin Dala kansa gine-gine sun matse shi, leda ta lulluɓe gefensa, ga zaizaya tana cinsa, alhali nan ne tushen garin tun zamanin Barbushe.

Akwai kuma abin da ya shafi rayukanmu a kan titi. A da, keke abin alfahari ne a ƙasar nan. Malami ko ma'aikacin En'e da ya sayi Raleigh sabo, unguwa duka sai ta zo gani. Yanzu magidanci a kan keke abin tausayi ne ko abin dariya, har akan tare mu a tambaye mu ko mota ce ta lalace. Wannan ba ya damunmu. Abin da ke damunmu shi ne direban da yake ganin mai keke ba shi da haƙƙi a kan kwalta. A bara, muna dawowa a jere a gefen hanya, wata motar haya ta matse mu don ta ɗauki fasinja, ɗalibin da ke gabana ya faɗa kwata ya karye a hannu, direban kuwa ya leƙo ya ce titi ba na keke ba ne, ya ja motarsa ya tafi. Yaron ya yi wata biyu bai riƙe biro ba, ga jarrabawa a gabansa. Dokar hanya ta san da mai keke, kuma masu keke a Kano ba mu 'yan motsa jiki kaɗai ba ne, akwai leburori da 'yan makaranta da masu kai kaya kasuwa, waɗanda tsadar mai ta mayar da su kan feda.

Saboda haka nake kira ga hukumomin da ke kula da tituna a jihar nan da su ware wa keke gefe a manyan hanyoyin da ake ginawa ko ake gyarawa, su kuma sa ƙungiyoyin direbobi da na masu A Daidaita Sahu su riƙa faɗakar da mambobinsu a tasha cewa a ba mai keke tazara in za a wuce shi. Ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, dama ce da za a iya rufe titi ɗaya na awa biyu da safe, iyaye su fito da 'ya'yansu. Ina roƙon masarauta da dagatai da masu unguwanni su sa baki a kan sauran kududdufai da manyan bishiyoyi, domin maganarsu tana da nauyin da takardar ofis ba ta da shi, malamanmu kuma su taɓo cinikin sassan ungulu a wa'azi. Matasan da ke karatun kimiyyar halittu a Jami'ar Bayero da sauran makarantu su sani cewa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana tattara bayanan inda ake ganin kowane tsuntsu a faɗin ƙasar nan, wadda ke da nau'i sama da 900, kuma hoto ɗaya mai kwanan wata da sunan wuri shaida ce da za ta yi amfani.

Mu ma masu kyamara akwai abin da ya rataya a wuyanmu. A halin tsaron da ake ciki, ba laifin mutumin ƙauye ba ne in ya tsargu da baƙi masu doguwar kyamara, don haka duk inda muka sauka mukan fara gaida mai gari, mu nuna masa hotunan da ke ciki. Ba ma taka shuka, ba ma juya kyamara wajen mata a bakin rafi, ba ma jifan tsuntsu don ya tashi mu ɗauka, kuma ba ma matsawa kusa da sheƙa mai ƙwai. A wani ƙauye kusa da Rurum yaran da suka fara tarbarmu da danƙo a hannu, yanzu su ne suke rige-rigen nuna mana bishiyar da shamuwa ta sauka, kuma mun yi musu alkawarin wanke hotunan mu kai wa makarantarsu kafin damina mai zuwa.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Gwammaja, Kano.