Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Ƴan Ƙungiyarmu Ta Masu Ɗinkin Bargon Haɗi, Damagaram

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena.

A makon farko na Janairu muka saba karanta wannan rahoto. Bana ya makara, kuma gara in faɗi dalili tun ba a tambaye ni ba: littafin kuɗi ne ya ƙi rufuwa. Tun da ma'ajiyarmu ta haihu a watan Agusta aka haɗa mini karɓar kuɗin wata da aikin rubutu. Na karɓa ne don ranar da Hajiya shugaba ta nemi mai riƙewa kowa ƙasa ta duba.

Kuɗin wata dala ɗari ne, sefa 500, jaka 6 ke nan a shekara, kuma mu da kanmu muka yanke shi. Mu 34 ne a rubuce. Mutum 11 suka biya shekara cif. Mutum 9 sun fara suka tsaya, galibi daga Sallar Layya. Saura 14 ko dala ba su ajiye ba. A cikinsu akwai huɗu da suka same ni a keɓe suka gaya mini halin da gidajensu ke ciki, biro, wato kwamitin shugabanninmu, ya yafe musu, kuma ba da su nake ba. Kowa ta san yadda tiyar hatsi ta kai kafin kaka. Da sauran goman nake. Na taka Birni, na taka Zango, na je Garin Malam sau biyu a kabu-kabu da kuɗin aljihuna. Wata ta ce maigida bai ba ta ba. Wata ta ce in dawo ranar Alhamis in ta dawo daga Kasuwar Dole, na koma aka ce tana barci. Wata kuwa da ta hango ni sai ta aiko yarinya ta tarye ni a zaure. Ni ba bashina nake bi ba, ƴan uwa. Kuɗin zarenku ne da na gyaran kekenku, kuma abin yana yi mini ciwo.

An yi taron wata sau 10, azumi da ruwan Satumba suka ci biyu.

Tsohon keken ƙafa har yanzu yana kwance a ɗakin Hajiya. Na san a rahoton bara an ce za a tashe shi kafin damina. Mai gyara ya duba ya ce jaka 15 har da kayan da za a sake, aka tara jaka 9, sai ga buƙatar shafi ta taso aka juya kuɗin can da yardar taro. Yana rubuce a kaye, wato littafin ƙungiya, da sunayen waɗanda suka ɗaga hannu. Don haka duk wadda ke cewa an ci kuɗin keke ta zo ta karanta da idonta.

Sai maganar barguna 20 na mutanen da ruwa ya yi wa ɓarna, wadda ita ce aka fi yi mana gori a kai. Bayan ruwan da ya kayar da tsohon masallacin Birni ranar 3 ga Satumba, ya kuma rusa ɗakunan bayin Allah da yawa, mun yi alkawarin kai barguna 20 kafin sanyi ya shigo. Takwas muka kai. Ba na ɓoyewa, amma a ji yadda aka yi. Bargon haɗi ƙyallaye yake ci, ƙyallaye kuwa a cikin azumi ake samunsu, lokacin da teloli ke kwana a kan ɗinkin Salla. An raba unguwanni don a bi shaguna a kwaso, mutum uku kawai suka je. Mai kawo mana yadin shafi daga Kantin Kwari na Kano bai samu zuwa yadda ya saba ba sai bayan da aka buɗe iyaka a watan Maris, don haka da ajiya kaɗan muka shiga shekarar. Ga keke ɗaya tal. Duk da haka an haɗa fuskokin barguna 20 ɗin, an sa musu ciki da shafi. Inda aikin ya tsaya shi ne baki.

Huɗun farko da muka kai kalmasa kawai muka yi musu, muka jawo shafin baya muka kwantar a gaba yadda muka saba. Wanki ɗaya aka yi, biyu suka dawo mana da kusurwa a buɗe, auduga na leƙowa. Wata tsohuwa ce ta kawo nata da kanta, ba da faɗa ba, cewa ta yi a taimaka a ɗinke mata. Ranar na ji kunya ƙwarai. Shi ya sa biro ya ce ba bargon da zai sake fita sai an ɗaure masa baki yadda ya kamata. Wanda ya rasa ɗakinsa bai cancanci a ba shi abin da zai warware kafin hunturu ya wuce ba.

Wannan kunyar ce ta haifar da abin da ya fi faranta mini rai a shekarar nan, wato kwana biyun da muka yi a tsakar gidan Hajiya a tsakiyar Disamba, Asabar da Lahadi, a kan bakin bargo da kusurwarsa kaɗai. Mutum 19 suka zo. Tun da na shiga ƙungiyar nan ban ga mun cika tabarma haka ba. Malamanmu biyu ne, kuma duka namu ne: autarmu da ta yi makarantar koyon sana'a, da Inna, wadda ta fi mu duka shekaru da sanin allurar hannu.

Auta ba ta bari an taɓa keke ba sai da aka daidaita bargon. Ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ta sake auna ɗaya ɓangaren, kamar yadda magina ke yi da igiya in za su fitar da ɗaki. Awon biyu ya bambanta da kusan faɗin tafin hannu. Ta ce ga ciwon nan, bargon da ya karkace ba hannun da zai fitar masa da kusurwa. Da kwalin kalanda da alli aka ja layi, aka datse abin da ya yi yawa. Nan take Yaya mai kula da kaya ta ce ashe shekara da shekaru keke take zagi alhali laifin almakashi ne.

Awon ƙyallen baki zan rubuta shi a nan don kada a sake kirana da dare ana tambaya. Faɗinsa santimita 6 da rabi. Masu wannan sana'a a Amurka inci 2 da rabi suke cewa, kuma in kun juya bayan tef ɗinku za ku ga kusan abu ɗaya ne. Tsawonsa kuwa kewayen bargo ne a ƙara santimita 30. Bargonmu na mita 1 da rabi a mita 2 kewayensa mita 7 ne, don haka mita 7 da santimita 30 ake nema. In daga atamfa za a yanka, tsiri 7 daga gefe zuwa gefe sun isa, rabin mita ke nan na yadi. Bargo mai miƙaƙƙen gefe a bi saƙar yadi wajen yanka. Yankan karkace sai in gefen mai lanƙwasa ne, don shi ne ke miƙewa ya bi kwana. Tsirin ba a haɗa su kai da kai. A ɗora ɗaya a kan ɗaya a gicciye, fuska na duban fuska, a ɗinka a karkace, a datse, a buɗe ɗinkin da dutsen guga. Haka kaurin ke bazuwa maimakon ya taru wuri ɗaya. Daga nan a ninka tsirin biyu a tsawonsa a goge. Inna ta ce ninki biyun nan ba ado ba ne, baki ne ke fara cinyewa a jikin bargo, shi ake ja, shi ke gogar ƙasa. Ta kuma ja kunnenmu a kan yadi mai rini, musamman baƙi da shuɗi: a wanke shi tukuna, in ba haka ba ya zuba a kan farin ƙyalle a wankin farko.

Sai kusurwa. Wallahi da auta ta yi ta farko, shiru aka yi a tsakar gidan kamar ba mata 19 a wurin. A tsakiyar gefe ta fara, ba a kusurwa ba, ta bar jela kamar taƙi ɗaya ba ta ɗinka ba. Tana tafiya tana barin milimita 6 daga baki. Da ta kusa kusurwa sai ta sa ɗigon alli milimita 6 kafin ƙarshe, ta tsaya daidai kan ɗigon, ta ɗaure zare, ta zare bargon daga ƙarƙashin allura. Ta ɗaga tsirin sama ya yi ninkin karkace irin na ɗankwali in an mai da shi kusurwa uku. Ta danne da yatsa, ta sake sauko da shi ƙasa ya bi gefe na gaba, ninkin saman ya yi daidai da bakin bargo, bai leƙa ba bai nutse ba. Wani ɗan kunne ya tsaya a ciki. Ta ci gaba da ɗinki tun daga saman. Da ta juya bakin zuwa baya, sai ga kusurwa ta fito da tsini da layi ɗaya a karkace, kamar an zana. Hajiya ta yi guɗa.

Ba kowa ta samu a karon farko ba, kuma kuskuren iri biyu ne. Wadda ta wuce ɗigon allin kusurwarta ta tattare ta ƙi kwanciya. Wadda ta bar ninkin saman ya nutse ƙasa da baki tata ta fito a dunƙule kamar gwiwa, don ƙyallen bai isa ya rufe tsinin ba. An farke, an sake. Wata ƙanwarmu sau biyar ta farke tata ba ta yi fushi ba, ta shida kuwa ta fi ta kowa kyau, aka zagaya da ita hannu hannu. Kekenmu ba ya komawa baya, don haka da hannu muke ɗaure zaren a kowace kusurwa. Yana cin lokaci, amma yana riƙewa. Auta ta ƙara mana da dabara ɗaya: kafin a fara ɗinki a zagaya bargon da tsirin a gani, in mahaɗi zai faɗo kan kusurwa a matsar da mafari. Wajen rufewa kuma, jelar farko da ta ƙarshe su hau juna da santimita 6 da rabi, wato faɗin tsirin, a yanke, a haɗa su a karkace kamar sauran. In an yi daidai ba mai gane inda aka fara.

Lahadi ranar Inna ce. Ta zauna da tabarau da allura ta nuna ɗinkin ɓoye a bayan bargo, allura na ɗaukar shafi kaɗai ba ta huda zuwa gaba, taku kusa da kusa, zare kalar ƙyallen baki. A kusurwa ta nuna a kwantar da ninkin baya ta ɓangaren da ya saɓa wa na gaba don kauri ya rabu biyu, sannan a sa taku uku a rufe bakin ninkin. Wasu sun ce a bi da keke a huta. Inna ta ce na yara da na yau da kullum a bi da keke ba laifi, ya ma fi jure wanki, amma na ɗakin amarya hannu yake so. Ni ma ra'ayina ke nan.

Da la'asar muka rataya barguna 7 da aka gama a igiyar shanya, maƙwabta suka shigo kallo. Wata Hajiya mai haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki ba ta dubi zanen tsakiya ba sam. Kusurwa ta kama, ta juya gaba ta juya baya, ta murza da yatsa, ta bi duka huɗun, sannan ta tambayi kuɗi. Bargon da muke sayarwa jaka 7 da roƙo, jaka 12 ta biya ba ta taya ba. Uku, waɗanda ba sa cikin 20 ɗin alkawari, aka saya a ranar, huɗu suka tafi Birni suka cika takwas ɗin da na ambata, biyun da suka dawo kuma an sake musu baki an mayar. Muna godiya ga Hajiya da ta ciyar da mu kwana biyu daga tukunyarta, da maigidanta da ya ba mu aron rumfa.

Waɗanda ba su zo ba, tun daga ranar suke aiko mini da saƙo a WhatsApp wai in tura musu bidiyo. Ba a ɗauka ba, hannun kowa na kan aiki. Ko da an ɗauka, ninkin nan sai yatsa ya yi shi sau goma a gaban wadda ta iya. An sanar da ranakun tun mako uku kafin lokaci, kuma mafi yawan masu neman bidiyon su ne sunayensu ke cikin goman can.

Kuɗin barguna ukun, jaka 36, ga inda suka shiga: jaka 11 an biya bashin auduga da zare, jaka 10 an sayi yadin baki na barguna 12 da suka rage, jaka 15 na ajiye a hannun Hajiya don mai gyaran keke, wanda ya ce zai zo cikin makon nan. Barguna 12 ɗin suna ɗakin Hajiya a ninke, an riga an daidaita gefensu, an yanka tsirinsu an goge. Kusurwa 48 ke jiranmu, sanyi kuma bai fita ba tukuna. Taro na gaba Asabar ce bayan azahar. Kowa ta zo da allurarta da almakashinta, mai bashi ta zo da abin da ya samu ko da na wata biyu ne. A ranar kuma za a zaɓi wadda za ta karɓi littafin kuɗi daga hannuna, don ma'ajiya ta ce sai ta yaye.

Wassalam.
Magatakardar ƙungiya