Godiya ga shagon makullai na Shara Mansur

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Baba Mu'allim da yaransa biyu, masu shagon yankan makullai da ke Shara Mansur a nan Makka, da kuma 'yan'uwa Hausawa mazauna Hindawiyya da Tandabawi da Jarwal da Misfala, da duk wanda wannan wasiƙa ta isa gare shi.

Ban ambaci sunan Baba ba saboda shi ya roƙe ni kada in yi. Na bi maganarsa a nan, amma yin shiru gaba ɗaya ya fi ƙarfina, domin Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Mahaifiyata tana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu. Duk mai irin wannan majinyaci a gida ya san ba abin da ake ɗagawa ba ne. In rana ɗaya ta kuɓuce, ruwa ya taru a jiki, ƙafafu su kumbura, numfashi ya fara sarƙewa. Ranar da abin ya faru zaman yamma gare ta. Bayan La'asar na fito da ita bakin ƙofa, na zaunar da ita a inuwa, na je buɗe motata, wata tsohuwar Corolla da rimot ɗinta ya daɗe da daina aiki. Na sa makulli na murɗa kamar kullum. Sai na ji ƙas. Kan makullin yana hannuna, rabin ƙarfen yana cikin ƙofa.

Ramin makulli ɗaya ne a jikin ƙofofin motar, na wajen direba, kuma makulli ɗaya gare ni. Keken Hajiya yana cikin but, takardunta na asibiti suna kan kujerar baya, ina ganinsu ta gilas. Zafin Makka a watan Agusta kuwa ba sai an gaya wa kowa ba, ya saba haura digiri 40, hannun ƙofar ma da ƙyar ake taɓa shi.

Cikin ruɗewa na yi abin da bai kamata ba. Na mayar da guntun da ke hannuna cikin ramin, ina fatan ya haɗu da ɗan'uwansa su murɗa tare. Bai murɗa ba, sai ma ya ƙara tura karyayyen can ciki. Maƙwabta suka taru, kowa da shawararsa kuma kowa da kyakkyawar niyya. Wani ya kawo maganaɗisu, wani ya ce a ɗiga sufa gulu a bakin guntun a manna a jawo, wani ya ce a fasa ƙaramin gilas ɗin baya kawai a huta, wani kuma ya ce a kira saɗaha, wato motar ɗaukar mota, ta kai ta wakala, wurin dillalan kamfanin motar. Mai baƙalar layinmu, wato kantin kayan masarufi, shi ne ya ce kada kowa ya ƙara taɓawa, ya shigar da Hajiya cikin sanyin shagonsa, ya aiki ɗansa ya kira Baba.

Baba ya iso da 'yar jakar fata a hammata, ƙaramin yaronsa na biye da shi riƙe da tocila. Ya gaida Hajiya tukuna, ya yi mata sannu da jiki, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, ina istimara da iƙamarka?" Wato takardar rajistar mota da katin izinin zama. Istimarar tana cikin mota, don haka na nuna masa a waya, ya gwada sunan da lambar motar. A lokacin na ƙosa, ina ta duba agogo. Daga baya na gane cewa mutumin da ya iya buɗe kowace mota a unguwa, wannan tambayar ita ce amanarsa.

Ya durƙusa a kan kwaltar nan mai zafi, dattijo mai furfura, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gwiwarsa. Da siririyar waya ya danne ɗan murfin da ke rufe bakin ramin, yaron ya haska, ya daɗe yana leƙe bai ce komai ba. Can ya ce, "An sa gam?" Na ce a'a. Ya ce, "Alhamdulillahi, to za ta fito."

Yana aiki yana yi mini bayani da Hausarsa mai gauraye da Larabci, irin ta waɗanda kakanninsu suka zo da ƙafa ta Sudan suka ƙetaro teku daga Sawakin. Ya ce a cikin ramin makullin ƙofar mota akwai wasu ƙananan faranta jere, kowanne da ɗan sifirin ɗinsa, su ne ke hawa kan haƙoran makulli. In makullin yana a murɗe, ko da kaɗan ne, farantan suna riƙe da ƙarfen gam, duk ƙarfinka ba zai fito ba. Nawa ya karye ne a tsakiyar murɗawa. Saboda haka abu na farko da ya yi shi ne ya sa bakin siririn sukundireba ya mayar da ramin tsaye daidai yadda yake in ba a taɓa shi ba. Maganaɗisu kuwa, ya ce, ɓata lokaci ne, domin yawancin makullan mota da gaurayen tagulla ake yinsu, ba sa kamuwa. Gam shi ne mafi muni: ɗigo ɗaya ya zurara cikin farantan, sai dai a kwance marfin ƙofa a sauya ramin makullin ɗungurungum.

Ya fesa ɗan mai, ya jira. Sannan ya zaro wani ƙarfe siriri kamar tsinken tsintsiya, mai ɗan ƙugiya a baki, ya zura shi a hankali ta gefen kwarin makullin har ya wuce wani haƙori, ya juya shi kaɗan ya kama, ya ja. Ya suɓuce. Ya sake. Ya suɓuce. Gumi yana ɗiga daga gemunsa, bai ɗaga murya ba, bai yi tsaki ba. A karo na huɗu ya haɗa da guntun bakin zarto mai ƙananan haƙora ta ɗaya gefen, ya ja su tare, sai ga bakin ƙarfen ya leƙo kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Ya sa matsefata ya zaro shi ya aje mini a tafin hannu.

Ya ce in duba wurin karayar. Rabin fuskar baƙi ne, rabi yana ƙyalli. Baƙin, in ji shi, tsohuwar tsaga ce da ta yi watanni tana cin ƙarfen, mai ƙyallin shi ne abin da ya rage ya karye yau. Ya tambaye ni ko ina yanka salatif ɗin kwali ko ɓamɓare murfin gwangwani da makullin. Ina yi. Ya ce ga shi kuma ƙura ta busar da ramin har sai na sa ƙarfi kafin ya murɗa, kuma tun ranar da makulli ya fara tauri ya kamata a kawo shi. Ya hana ni zuba bakin mai ko giris a ciki, don suna kama ƙura su zama laka. Garin da ake sa wa makullai, irin na bakin fensir, ya fi.

Babban yaron ya iso, ya ɗauki guntayen biyu a babur ya koma shago. Bai kwafi tsohon yadda ya cinye ba, ya auna zurfin kowane haƙori ya yanka sabo daidai, ya zare 'yan kayan lantarkin da ke cikin kan tsohon makullin ya mayar a sabon gida, domin in babu su motar ba za ta tashi ba ko da ƙofa ta buɗe. Ya dawo, aka sa, ƙofa ta buɗe ba gardama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. A halin da nake ciki, da Baba ya ce ramin makullin ƙofar ya lalace sai an sayi sabo, wallahi da na biya ko nawa ne ban yi musu ba. Bai faɗa ba. Kuɗin sabon makullin da aka yanka kawai ya karɓa, ya ƙi karɓar na zuwansa da na cirewa. Na matsa, ya ce, "Kai dai kai Hajiya, lokaci na tafiya. Ta sa mu a addu'a." Mun makara kaɗan, amma an karɓe ta, an yi mata wankinta cikakke.

Washegari na koma na yanko makulli na biyu, yana rataye yanzu a ɗakin Hajiya. 'Yan'uwa da ke wannan yanki, in irin haka ta same ku, ku cire hannunku daga ƙofar ku nemi shagon. Duk wanda kuka tambaya a Shara Mansur ina Baba mai makullai, zai nuna muku.

Baba, Hajiya tana gaishe ka, ta ce tana ambatonka bayan kowace salla. Allah Ya ƙara wa idanunka haske da hannunka albarka, Ya raya yaranka a kan abin da ka ɗora su, Ya jiƙan magabatanka.

Wassalam.
Ɗanka, daga Hindawiyya, Makka.