Zuwa ga Hajiyar da ta tambaye ni kan iyayen da suka kama bakinsu

Hajiya, ina gaisuwa da fatan alheri.

Kin bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni, lokaci ya ƙure kafin in amsa miki. Tambayarki ita ce: yarinya ta ɓata, wanda aka gan su tare a ƙarshe ya ƙi magana, daga baya ya sulale, iyayensa kuma sun ce a je a ji daga bakin lauyansu. Me ya hana 'yan sanda su tsare iyayen har ɗan ya fito? Kin kafa misali da Gabby Petito ta Amurka, don haka a kanta zan tsaya.

Gabby tana da shekara 22 lokacin da ta fita yawon ƙasa a mota da saurayinta Brian Laundrie. Ranar 1 ga Satumba 2021 ya dawo gidan iyayensa a North Port, jihar Florida, da motarta, babu ita. Iyayenta suka kai rahoton ɓatanta ranar 11 ga wata. Da 'yan sanda suka je gidan su Brian, sai aka tura su wurin lauya. Ranar 13 Brian ya fita bai dawo ba, kuma sai ranar 17 iyayensa suka kai rahoton cewa shi ma ya ɓata. Bayan kwana biyu aka tsinci gawar Gabby a wani daji a jihar Wyoming, bincike kuma ya nuna shaƙe ta aka yi.

Ta fuskar doka, Hajiya, amsar ba za ta yi miki daɗi ba. Ranar da Brian ya fita babu takardar kamu a kansa, babu gawa, babu tuhuma, don haka yana da damar zuwa inda ya ga dama. Takardar kamun da ta biyo baya ma ba ta kisa ba ce, ta amfani da katin banki ce ba da izini ba. Shirun da ya yi kuwa kundin tsarin mulkin Amurka ne ya ba shi, kamar yadda sashe na 35(2) na namu na 1999 ya ba duk wanda aka kama damar ƙin amsa tambaya har ya ga lauya. Ina kare wannan haƙƙi da zuciya ɗaya. Duk wanda ya san yadda ake tatsar "na amsa laifina" da kulki a bayan kanta ya san talaka ne yake cin moriyarsa fiye da kowa. Gudu ma ba shi kaɗai yake tabbatar da laifi ba, domin akwai masu gudu saboda tsoron duka ko tsoron taron jama'a.

Kama uwa ko uba a madadin ɗa kuwa zalunci ne. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya haramta shi a Najeriya, duk da cewa har gobe ana yi: a ɗauke tsohuwa daga bakin murhu a ce sai ɗanta ya kawo kansa. Idan akwai hujjar cewa iyaye sun ɓoye mai laifi ko sun lalata shaida, a tuhume su da nasu laifin. Iyayen Brian ba a taɓa tuhumarsu da komai ba. Sakacin da ya fito fili na 'yan sanda ne, waɗanda daga baya suka amsa cewa jami'ansu masu sa ido kan gidan sun ga mahaifiyarsa da hula sun ɗauka shi ne.

Sai dai a nan na rabu da masu cewa tunda doka ta yarda, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ranar 16 ga Satumba iyayen Gabby suka fitar da wasiƙa suna roƙon gidan su Brian, a matsayinsu na iyaye, su faɗi inda take. Yarinyar nan ta zauna a gidansu, sun ci abinci tare, an yi baiko da ɗansu. Daga baya, a bayanin da suka yi ƙarƙashin rantsuwa, ya bayyana cewa tun ƙarshen Agusta Brian ya kira su a firgice yana neman lauya. Sun ce ba su san ta mutu ba, kuma ba ni da ikon shiga zuciyarsu. Amma sun san ɗansu ya dawo da motar 'yar mutane ba tare da ita ba, sun san uwarta tana nemanta ido rufe, suka bar ta tana ta kira. Kalma ɗaya, sunan wurin da aka rabu da ita, da ta rage wa matar nan kwanakin azaba.

Na san hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ba na raina tashin hankalin uwar da ta fahimci ɗanta ya yi ɓarna. Amma a Suratun Nisa'i, aya ta 135, an umarce mu da tsayawa kan adalci ko da a kan kanmu ne, ko iyaye, ko dangi na kusa. Kuma shirun bai tsirar da ɗan nasu ba. Ranar 20 ga Oktoba aka samu ragowar gawarsa a wani daji mai fadama kusa da garinsu, tare da littafin da ya rubuta cewa shi ya kashe ta. Da an riƙe hannunsa an kai shi gaban hukuma tun farkon Satumba, wataƙila da yana kurkuku da ransa.

Kin kuma tambaye ni abin da zan yi in ɗana ne. Zan ɗaukar masa lauya, ba zan bari a taɓa lafiyarsa ba, kuma ni da lauyan za mu raka shi ofishin 'yan sanda a ranar. Idan ya zaɓi ya yi shiru a gabansu, haƙƙinsa ne. Ni kuwa zan kira mahaifiyar yarinyar in gaya mata duk abin da na sani, har da ranar da ya dawo da abin da ya faɗa mini.

Wassalam,
ɗan'uwanki.