Baba Alhaji, ga amsar tambayarku kan bam da ɗan Zango

Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali.

A taron unguwa da aka yi a Aboabo kun miƙe gaban jama'a kun tambaye ni me ya haɗa ɗan Zango da bam ɗin nukiliya. Kuka ce kwata ta toshe, ruwa na shiga ɗakuna duk damina, samari na zaune ba aikin yi, mu kuma mun ɗauki takarda muna bi gida-gida ana sa hannu, don a kai wa ɗan majalisa maganar makamin da Ghana ba ta da shi. Kuka ƙara da cewa ko mun rubuta, wa zai saurare mu a Amurka ko Rasha? Tunda a bainar jama'a kuka yi tambayar, kuma na ga mutane da yawa suna gyaɗa kai, amsar ma ya kamata ta fito fili.

Baba, kun san yadda hunturu ke yi mana a Kumasi. Mai koko ta rufe tukunya, kafin ta sallami mutum biyu farar ƙura ta kwanta a kan murfin. Masu kasa kaya a kasuwar Kejetia suna ta kaɗe tire da tsumma, yara na tari, leɓe na tsagewa. Wannan ƙurar daga Sahara iska ke kwaso ta, ta ratsa Nijar da Burkina ta sauka a hancinmu. To a tsakiyar irin wannan lokacin, ran 13 ga Fabrairu 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Ba ta gwada shi kusa da Paris ba. Ta zo inda take ganin ran mutanen wurin ba shi da tsada, ta ce fili ne ba kowa, alhali akwai ƙauyuka, akwai Buzaye da dabbobinsu. Daga 1960 zuwa 1966 gwaji 17 ta yi a ƙasar Aljeriya, huɗu a sararin sama, 13 a ƙarƙashin duwatsun In Ekker. Bayan fiye da shekara hamsin, takardun sirrin da Faransa da kanta ta saki suka nuna cewa gubar gwajin farko ta bazu har ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. Har yau a kudancin Aljeriya mutane na kukan ciwon daji da haihuwar 'ya'ya masu naƙasa, gwamnatinsu kuma tana ta neman a nuna mata inda aka binne tarkacen.

Ku da kuka ga zamanin Nkrumah da idonku kun fi ni sanin cewa Ghana ba ta yi shiru ba. Tun kafin bam ɗin ya tashi, a Disamba 1959, wata tawaga ta bar Accra cikin motoci ta nufi arewa da niyyar isa filin gwajin ta zauna a ciki. Akwai 'yan Ghana, akwai 'yan wasu ƙasashen Afirka, akwai Michael Scott daga Ingila da Bayard Rustin daga Amurka. Jami'an Faransa suka tare su a Upper Volta, wato Burkina Faso ta yau, suka mayar da su. Da aka yi gwajin, Nkrumah ya sa aka riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasar nan. Nijeriya ta yanke hulɗa da Faransa a farkon 1961. A watan Yuni 1962 aka yi babban taro a Accra kan neman duniyar da ba bam a cikinta. Ghana tana da shekara uku kacal da samun 'yanci lokacin gwajin farko, talaucinta ya fi na yanzu, makarantu da asibitoci ba su kai na yau ba, amma ba wanda ya ce a jira sai an gama gyara kwata. Abin da muke yawo da shi a takarda gadon iyayenmu ne, mu ne muka bari ya yi ƙura.

Sannan ƙasarmu ta Afirka ce aka tono. Yawancin yuraniyom ɗin da Amurka ta yi aikin bam ɗinta na farko da shi daga ma'adinin Shinkolobwe na Kwango ya fito. A Arlit ta Nijar an shafe fiye da shekara hamsin ana haƙar yuraniyom ana kai wa Faransa, kuma gidaje nawa ne a Zangon nan da ba su da dangi a Nijar? Bam ɗin da aka jefa Hiroshima ran 6 ga Agusta 1945 ya kashe mutum wajen 140,000 kafin ƙarshen shekarar. Yau ƙasashe tara ne ke riƙe da kusan 12,000, mafi yawansu sun fi wancan ƙarfi nesa ba kusa ba.

Na san za a ce ai ba a kanmu za a jefa ba. Mu tuna 2022. Yaƙin Yukren bai zo kusa da mazaɓarmu ta Asawase ba, amma fulawa ta tashi, takin zamani ya gagari manomi, burodi ya ƙanƙance, ga faɗuwar kuɗinmu sidi, har hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Wannan yaƙin bindiga da makami mai linzami ne. Masana da suka buga bincike a mujallar Nature Food a shekarar sun lissafa cewa idan Indiya da Pakistan kaɗai suka yi musayar nukiliya, hayaƙin garuruwan da suka ƙone zai tare rana, damina ta lalace a faɗin duniya, yunwa ta iya kashe mutum har biliyan biyu. Shinkafar da ake dafa waken safe da ita a unguwarmu, wani kaso mai yawa daga Asiya jirgi ke kawo ta. Ranar da masu ita suka rufe rumbunsu, talakan Zango na cikin waɗanda za su fara kwana da yunwa.

Akwai wata magana da nake ji a majalisar shayi, cewa ai gara Pakistan ta riƙe nata tunda Isra'ila na da shi. Na fahimci zafin da ke bayan maganar, amma ban yarda da ita ba. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa sananniya ce: kada a kashe mace, ko yaro, ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya. Makamin da ba ya iya bambance soja da jariri a goye, a hannun wa zai halatta? Kuma masu riƙe da shi mutane ne, suna kuskure. Ran 26 ga Satumba 1983 na'urar Tarayyar Sobiyet ta nuna cewa Amurka ta harbo makamai. Hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya ƙi yarda da ita, daga baya aka gano hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗe ta. Ba na son rayuwar jikokinku ta rataya ga hankalin mutum ɗaya a cikin dare ɗaya.

Yanzu ga tambayarku ta biyu, wa zai ji mu. Ba Fadar White House muke rubuta wa ba, Baba. Onarabul ɗinmu muke rubuta wa, wanda muka tsaya cikin rana muka zaɓa. Sashe na 75 na tsarin mulkin 1992 ya ce duk yarjejeniyar da shugaban ƙasa ya ƙulla da waje sai majalisa ta amince da ita. A Yuli 2017 ƙasashe 122 suka amince da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara aiki a Janairu 2021. Ghana ta sa hannu tun Satumba 2017, amma sai a 2025 ta kammala shiga. Shekara takwas takarda na kwance, ba don wani ya ƙi ta ba. Abin da ba a tambaya shi ake turawa ƙasan tebur. Ku je ƙofar gidan kowane ɗan majalisa da sassafe ku ga layi: mai neman kuɗin makaranta, mai takardar asibiti a hannu, mai gayyatar suna, mai neman a sa ɗansa a aikin soja. Duk buƙatu ne na gaskiya. Amma da wuya ku ji wanda ya ce, Onarabul, me ka faɗa a zauren majalisa da sunanmu? Mun mayar da wakili mai rabon sadaka, muka manta da aikin da muka tura shi.

Gaskiya ne babu ko ɗaya cikin ƙasashe taran da ta shiga yarjejeniyar, kuma ba zan yi muku alkawarin za su shiga gobe ba. Amma a nahiyar nan aka ga abin da ake cewa ba ya yiwuwa: Afirka ta Kudu ta ƙera bam shida, ta kwance su da hannunta a farkon shekarun 1990. Yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta fara aiki a 2009, ta haramta makamin a duk faɗin Afirka. Kowace ƙasa da ta ƙaru tana rage wa masu bam wurin fakewa, tana sa bankuna da asusun fansho su yi tunani kafin su zuba kuɗi a kamfanonin da ke ƙera shi. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne: a 2023 kaɗai ƙasashe taran sun kashe fiye da dala biliyan 90 a kan waɗannan makamai.

Kada kuma a ruɗe mu da cewa muna adawa da ilimin nukiliya. Injin binciken nukiliya na Kwabenya, a Accra, yana nan yana aiki, kuma a 2017 aka cire masa makamashin da za a iya yin makami da shi aka mayar wa Sin. Masu ciwon daji da ake gasa wa ciwo a asibitin Komfo Anokye da wannan ilimin ake yi musu magani. Makami muke ƙi.

Abin da takardarmu ke nema ba shi da yawa. Muna so majalisa ta yi dokar cikin gida da za ta hukunta duk wanda ya taimaka wajen ƙera makamin ko wucewa da shi ta ƙasarmu, domin yarjejeniyar 2017 ta ɗora wa kowace ƙasa da ta shiga nauyin hukunta masu karya ta. Muna so wakilanmu da ke zama a majalisar ECOWAS da ta Tarayyar Afirka su ja hankalin maƙwabtan da ba su shiga ba. Wanda ya fi taɓa mini rai shi ne sashe na 6 da na 7 na yarjejeniyar, masu maganar taimakon waɗanda gwaji ya cutar da tsabtace ƙasar da aka gurɓata. Ina so a ji muryar Ghana tana tambaya a kan mutanen Reggane da In Ekker, kamar yadda aka ji ta a 1960.

Maganar kwata da aikin samari kuwa, ina tare da ku ɗari bisa ɗari, kuma duk ranar da kuka rubuta takardarta ni ne farkon mai sa hannu. Kunnen da ya saba jin mu a kan abu ɗaya zai ji mu a kan na biyu.

Roƙona gare ku, Baba, ku shige mana gaba ranar da za mu kai takardar, domin maganar dattijo daban take a gaban Onarabul. Idan da hali, ku yi wa liman da mai unguwa bayani kafin Juma'a mai zuwa. Samari za su zauna da takardar a ƙofar masallaci bayan sallah, za a karanta ta da Hausa ga duk mai so ya ji kafin ya sa hannu, wanda ba ya rubutu kuma akwai tawadar dangwale.

Allah Ya ƙara girma da lafiya.

Ɗanku,
wani malamin makaranta a Aboabo, Kumasi