Maraya ya cika shekara 18 an sallame shi, to ina zai kwana?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni dan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da wani abu da ya dade yana ci min tuwo a kwarya, wanda ni dai ban taba jin ana maganarsa a rediyo ko a kan mumbari ba. Ni mai walda ne a nan cikin garin Gombe, ina da shago da yara masu koyon aiki, abin da idona ya gani shi zan fada.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo min wani yaro daga daya daga cikin gidajen marayu aka ce in koya masa sana'a. Ba zan fadi sunansa ba, ba zan fadi sunan gidan ba. Yaro ne mai natsuwa, ga hannu mai kyau, kafin wata takwas ya iya awo ya iya yanka, kofa da taga kam sai dai in duba kawai in ce madalla. Kullum da yamma in mun tashi ya wanke hannu ya kama hanyar gidan marayun. Ashe ya gama sakandare ya cika shekara 18, an ce masa lokacin sallama ya yi, an ba shi katifa da jakar kayansa da 'yan kudi an yi masa addu'a, ni kuwa ban sani ba sam, shi ma kunya ta hana shi ya gaya min.

Wata rana da damina na yi sammako bayan sallar asuba zan dauki wani aiki da za a kai Kumo, ina zagawa bayan shago sai ga mutum a kwance tsakanin karafa, ya shimfida kwali ya dora katifar a kai, rabinta duk ta jike. Na haska fitilar waya sai na ga shi ne. Na ce kai dana me kake yi a nan? Ya tashi zaune ya sunkuyar da kai ya ce, Oga to ina zan je? Kwanansa goma sha daya a wurin. Wallahi Edita ranar ko karin kumallo ban iya yi ba.

Ni ban ga laifin masu gidan marayun ba, mutane ne masu kokari da dan abin da ke hannunsu, ga kananan yara ana ta kawowa kuma gadon da babba ya tashi a kai shi za a ba karami. Laifin namu ne gaba daya da ba mu taba tsayawa mun tambayi kanmu ba, shin yaran nan da muke kai wa shinkafa da kayan sallah duk azumi, in sun girma ina suke shiga?

Sai da na fara nema masa daki sannan na san girman abin. Dillali sai ka ba shi na shan ruwa kafin ma ya daga kafa, in an samu daki ga la'ada, ga kudin shekara guda da ake so a dunkule, kuma kowa ya san yadda haya ta yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Amma kudin ma ba shi ne babban tarnakin ba. Duk gidan da muka shiga tambayar mai gida daya ce, dan gidan waye? Wa zai tsaya masa? Wani ya ce shi ba ya ba gwauro haya a gidan matan aure, wannan na fahimce shi. Amma akwai wani dattijo da muka gama ciniki lafiya lau har ya dauko makulli, da na ce masa ai a gidan marayu yaron ya tashi sai ya mayar da makullin aljihu ya ce irin wadannan ba a san asalinsu ba, a gaban yaron fa ya fada. Muka fito ba wanda ya ce wa dan uwansa uffan har muka isa shago. Daga karshe dai muka samu wani dan daki a wajen Bolari, ni na tsaya masa, abokan sana'armu suka yi karo-karo muka biya shekara daya, matata ta hada masa risho da tukunya da bokiti.

To shi ya dace da ubangida a kusa. Sauran fa?

Mu duba gidajenmu mana. Wane Bahaushe ne ko Bafulatani ko Batangale yake korar dansa ranar da ya cika 18? Dana na fari ya haura 25, yana nan a dakin samari na kofar gida, tuwon uwarsa yake ci, in aiki ya tsaya ba ya tunanin haya, kuma haka zai zauna har ranar da Allah ya hore masa ya yi aure, a lokacin ma watakila ni zan yanka masa wani bangare na gidan. Haka kowa yake yi kuma ba wanda ya ce sangarta ce. Amma yaron da ba shi da uwa ba shi da uba ba shi da kawu ba shi da gwaggo, shi ne muke sa ran zai tsaya da kafarsa a shekara 18 cif. Gaskiya ne dokar kare hakkin yara ta tarayya ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba, amma ai lissafin takarda ke nan, ciki da wurin kwana ba su san wannan lissafin ba. Ko a addini ma, malamai sun karantar da mu a Suratun Nisa'i aya ta 6 cewa ba balaga kadai ake dubawa ba kafin a mika wa maraya dukiyarsa, sai an jarraba shi an ga shiriya da iya rike kai a tattare da shi. In har mai dukiya ma ba a sakinsa haka kawai, ina ga wanda bai gaji ko tabarma ba?

Na mata kuwa ya fi tayar min da hankali. Mu a wurinmu mafita daya ce, a samo miji a yi kayan daki a daura aure, masu hali su taimaka a dauki hoto a watse. Aure alheri ne, Allah ya saka wa masu yi. Amma kowa ya san yadda aure yake mutuwa a kasar nan. Yarinyar da ke da iyaye in zama ya yi zafi tana da inda za ta yi yaji a bi ta biko, in ta haihu tana da inda za ta je wankan jego, in an sake ta ta koma dakin uwarta ta yi zawarci cikin mutunci. Wadda ta fito daga gidan marayu gidan wa za ta nufa da goyo a baya? Mijin ma ya san ba ta da wurin zuwa kuma ba ta da wan da zai zo ya yi masa magana, sai ya yi yadda ya ga dama, ita kuma ta hadiye ko da duka ne saboda barin gidan na nufin titi.

Samarin kuma mun san inda ake tsintarsu, tasha, rumfunan kasuwa da dare, kangon gini. Wanda ya ba ka wurin kwana shi ne ubangidanka ko da mutumin banza ne. Mu a Gombe ba sai an ba mu labarin 'yan dabar kalare ba, 'yan uwanmu na Bauchi ma sun sha fama da sara-suka, kuma ga yaran da rikicin Boko Haram ya mayar marayu daga Borno da Yobe, wadanda aka kawo suna kanana yanzu duk sun zama samari da 'yan mata.

Akwai wani dan uwanmu da ke aikin jinya a Ingila, da na ba shi labarin nan ya ce ai su can sun dade da gane wannan ramin. Tun shekarar 2000 suka yi doka ta musamman kan matasan da ke barin hannun hukuma, a 2014 suka ba da dama matashi ya ci gaba da zama wurin iyalin da suka rike shi har ya kai 21, a 2017 kuma suka ce ma'aikacin da ke ba shi shawara zai iya ci gaba da bibiyarsa har 25, sannan karamar hukuma na ba shi kudin hada kayan daki in zai kama wurinsa. Ya ce duk da haka wasunsu na karewa a titi. To ku duba, masu wannan tanadin ma ke nan. Ban ce mu kwafi Turawa ba, aljihunmu ba daya ba ne, amma ai mu muna da abin da ya fi dacewa da mu, muna da zakka muna da wakafi muna da masu unguwanni da dagatai da suka san kowane gida.

Abin da nake roko bai fi karfinmu ba. Gwamnatocin Gombe da Bauchi su sa a ka'ida cewa ba za a sallami yaro daga gidan marayu ba sai an san takamaiman dakin da zai kwana, a biya masa hayar shekara biyu yana koyon sana'a ko karatu, a kuma hada masa takardar haihuwa da ta shaidar karamar hukuma da lambar NIN tun kafin ya fita, dan na ga wahalar da muka sha kan takardar indijin ta yaron nan, duk inda muka je sai a ce ina sunan kauyen ubansa. Duk rukunin gidajen da gwamnati za ta gina a ware 'yan dakuna dan irin wadannan matasa, da bangaren mata daban karkashin kulawar wata dattijuwa, wanda yarinya za ta iya dawowa ko bayan aure in ta kama.

Alhazanmu masu gina masallatai kuma Allah ya karba, amma a wasu unguwannin masallaci na kallon masallaci. Mutum daya ya gina jerin daki goma da bandaki da rijiya ya yi wakafinsu ga marayun da suka girma, kowa ya zauna shekara biyu ko uku ya tashi ya ba na baya, wannan ma sadaka ce mai gudana. 'Yan uwanmu Kirista na Billiri da Kaltungo da nan cikin gari da ke rike da nasu gidajen marayun, su ma matsalar daya ce, coci za ta iya yin irin wannan. Mai unguwa kuma ya rika tsaya wa yaron da ba shi da mai tsaya masa, kalmarsa daya ta ishi mai gidan haya.

Hayar yaron namu za ta kare bayan babbar sallah, ya fara tara nasa kuma in sha Allahu za mu cika masa. Amma satin da ya wuce ya same ni ya ce, Oga akwai kannena uku na gidan marayun da za a sallama bana, biyu maza daya mace, ko za a samu wuri? Na ce masa zan dauki namiji daya a shago. Sauran biyun har yanzu ban san abin da zan ce masa ba, shi ya sa na rubuto.

Naku,
Wani mai sana'ar walda,
Bolari, Gombe.